Tsumma Ba Shaida Ba Ne

Daren da za a wayi gari mu tafi kotu, Gwaggo ta zo gidanmu a Batsari bayan sallar isha'i, ta sa aka jawo mata akwatin Yaya daga ƙarƙashin gado. Ta zazzage shi a kan tabarma, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana turewa gefe, har ta kai ga wani koɗaɗɗen zane da Yaya ke ɗaurawa in za ta yi surfe. Ta haɗa shi da wani hijabi da bakinsa ya zare, ta miƙa mata.

"Ɗiyata, wannan za ki sa gobe. Kada ki sa kwalli, kada ki shafa mai. Ki bari alƙali ya gani da idonsa abin da aka mayar da ke."

Yaya ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "To, Gwaggo." Inna ba ta ce uffan ba. Ni ma ban tanka ba, domin ni ne ƙarami a ɗakin, aikina rakiya, kuma a lokacin na ɗauka wata hikima ce ta manya da ban kai ga fahimtarta ba. Wannan rubutu shi ne maganar da ya kamata in yi a daren nan ban yi ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne shawarar Gwaggo kuskure ce, duk da cewa ƙauna ce ta haife ta. Kuskure ce a shari'a, kuskure ce a dabara, kuma tauye mutunci ce ga matar da aka ce ana son taimako. Matar da za ta je a saurari ƙarar aurenta ta sa tufafi masu tsabta, nata na kanta, irin waɗanda za ta sa in za ta gaida wani dattijo da take girmamawa. Haka shi ma namijin. Duk abin da ya wuce wannan, ta wajen ado ne ko ta wajen tsumma, ƙoƙari ne na tilasta wa tufafi su faɗi abin da baki da shaidu ne kaɗai ke da hurumin faɗa.

Gaba kura, baya sayaki

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a bakin wata kotun shari'a a yankinmu, daga Batsari har Safana, ya san kotu biyu ke zama a rana ɗaya. Akwai ta ciki, mai alƙali da magatakarda da littafin rubuta bayani. Akwai kuma ta waje, a inuwar darbejiya, inda dangi da 'yan rakiya da masu tallar ruwan leda da 'yan acaɓa ke yanke hukunci tun kafin a kira suna. Kotun waje ba ta neman shaidu, ba ta ba da rantsuwa, ba a kuma ɗaukaka ƙararta. Hujjarta ɗaya ce: abin da mace ta sawo.

In ta zo da sabuwar atamfa da gyale mai kyau, sai a ce, "Ai ga shi nan, ta samu wani. Da ma ba a rasa mai hure mata kunne." Sai dangin miji su fara lissafin ƙara kuɗin khul'i, tunda a ganinsu akwai mai biya a ɓoye. In ta zo a yamutse, sai a ce, "Dubi ƙazama! Wa zai iya zama da wannan?" In ta sa niƙabi, an ce tana ɓoye fuska don ta san ba ta da gaskiya. In kuwa tsautsayi ya sa ta ɗauro ɗaya daga cikin zannuwan lefenta, sai ka ji ƙanwar miji ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Ta ce ba a tufatar da ita, to wancan na jikinta ubanta ya saya?" Ko da kuwa lefen ya shekara 9 da kawowa.

Babu tufar da za ta fid da mace daga bakin wannan kotu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wahalar banza ce a tsara shiga don a gamsar da ita. Amma mun gaji tsoronta, har muna tura 'ya'yanmu gaban alƙali da shigar da muka zaɓa domin masu zaman inuwa.

Ga abin da ya faru da mu. Yaya ta yi aure a wani ƙauye na ƙasar Safana, ta haifi 'ya'ya 2. Mijinta ya tafi kudu da sunan cirani, ya yi shiru, ba aike ba saƙo, in kuma ya leƙo gida sai faɗa da duka. Da safen nan, tana fitowa daga ɗaki cikin kayan da Gwaggo ta zaɓa, 'yarta mai shekara 6 ta dube ta ta ce, "Mama, wa ya rasu?" Ba wanda ya ba ta amsa. A cikin mota Yaya ta riƙa jan hijabin tana rufe inda ya zare. Da aka kira ta gaban alƙali, matar da na sani da kaifin baki, wadda ke ciniki da dillalan gyaɗa ba su cuce ta ba, sai ta sunkuye, muryarta ta maƙale. Sau uku ana ce mata ta ɗaga murya. Ta manta watan da mijin ya tafi. Ta manta ta ambaci ranar da maƙwabta suka ƙwace ta a hannunsa. Alƙali kuwa, iyakar abin da na gani, idonsa na kan takarda. Tambaya ɗaya ya nanata: "Kina da shaidu?" Ba mu zo da ko ɗaya ba. Mun kwana muna zaɓen zane, ba wanda ya tuna da zancen shaida. Aka ɗage shari'a.

Tsumman bai ce wa alƙali komai ba. Ita ya yi wa magana. Ya gaya mata cewa ita abar tausayi ce da ta zo roƙo, ta kuma yarda, ta tsaya tsayuwar mai roƙo.

Abin da littattafan suka tanada

Kotunan nan ba da ka suke aiki ba. Tun shekarar 2000, lokacin da jihar Katsina ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, kotunan shari'a ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba hukuncin da ya shafi aure da rabuwarsa da riƙon yara. Mazhabar da ake bi ta Imamu Malik ce, littattafan kuwa su ne waɗanda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni: Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. Ƙa'idar da suka ginu a kai sananniya ce: mai ƙara ya kawo hujja, wanda ya musa ya yi rantsuwa. A cikin hanyoyin tabbatar da magana akwai iƙirari, akwai shaidu, akwai rantsuwa. Babu koɗaɗɗen zane.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, littattafan nan sun ba mace makaman da suka fi tsumma ƙarfi nesa ba kusa ba, mu kuma ba mu gaya mata. Tuhfa ta nuna cewa ana tabbatar da cutarwa ta hanyar shaidu, ko ta hanyar labarin da ya bazu a tsakanin maƙwabta har ya zama sananne. Wato matan da ke jin kukanta ta kan katanga da mazan da suka taɓa shiga rabo sun fi duk abin da ke cikin akwatinta amfani. Risala ta nuna cewa matar da ta fanshi kanta da dukiya saboda cutarwar da ake yi mata tana da damar karɓar abin da ta bayar, sakin kuma ya tabbata. Khalil ya nuna cewa in miji ya yi nisa aka yi jayayya kan ko yana aiko da abin ciyarwa, ana karɓar maganar matar tun daga ranar da ta kai kukanta ga alƙali. Ma'ana, kowane wata da ta yi tana haƙuri a ɗaki ba ta kai ƙara ba, hujjarta ce ke raguwa. Mata nawa ne a Ruma ko Runka ko Wagini aka taɓa zaunar da su aka karanta musu waɗannan? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa a cikin Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci kamar kayan aikin gida. Fiye da shekara 200 bayan haka, iyakar ilimin shari'ar da muke ba mace ranar da ta fi bukatarsa shi ne kada ta sa kwalli.

Shi kansa zancen kwallin aro ne daga wani babi dabam. Barin ado wajibi ne a kan mai takaba, wadda mijinta ya rasu, tsawon wata 4 da kwana 10. Risala ta fito fili cewa babu wannan a kan wadda aka saka. Balle matar da ke tsaye gaban alƙali, wadda har a wannan sa'a matar aure ce, igiyarta ba ta tsinke ba. Da wane dalili za mu sa ta shigar takaba alhali mijinta na tsaye a gefenta da ransa? Yarinyar da ta tambayi wa ya rasu ta fi mu fahimtar abin da muka aikata.

A duba matan da suka kai ƙarar aure tun farkon Musulunci. Khaula bint Sa'alaba ta yi jayayya kan abin da mijinta ya yi mata, aka saukar da sura ta 58 da aka sa wa suna saboda jayayyar tata, surar kuma ta buɗe ne da tabbatar da cewa Allah ya ji maganarta. Hindu bint Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Matar Sabit bin Ƙais ta ce ba ta zargin addininsa ko halinsa, zaman ne ba ta iyawa, aka ce ta mayar masa da gonarsa su rabu. Abin da aka kiyaye mana daga waɗannan mata shi ne maganarsu, a sarari, ba kwana-kwana. Wannan ne gadon da ya kamata mu miƙa wa 'yan'uwanmu mata a daren shari'a.

Ido ba mudu ba

Na san abin da Gwaggo za ta ce, domin ta faɗa mini daga baya: "Kai yaro ne. Alƙali mutum ne, ido gare shi. Ido ba mudu ba, ya san kima." Ba zan raina wannan magana ba. Gwaggo ta raka mata kotu tun ban san hanyar makaranta ba, kuma gaskiya ne zuciya na karkata ga abin da ido ya gani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya yi gargaɗi cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, ya kuma ce wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta wannan hanya yankin wuta aka yanka masa. Amma a lura da wanda gargaɗin ya hau kansa: mai dabarar. In lafazi mai daɗi da ke karkatar da hukunci abin tsoro ne, to shigar da aka tsara don ta karkatar da shi fa? Matar da ke da turmi 5 a akwati ta ɗauro tsumma don a ce ba ta da ko ɗaya ta kawo shaidar zur, sai dai wannan shaidar ba ta da baki. Ranar da lauyan miji ko ƙanwarsa ta fito da hoton biki a waya, an gan ta cikin leshi wata 2 da suka wuce, ƙaramar ƙaryar za ta cinye babbar gaskiyarta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

In kuma ana tsoron alƙalin da zane ke ruɗa, maganinsa ba a ƙara masa zannuwan ruɗi ba ne. Wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musal Ash'ari, wadda kowane ɗalibin alƙalanci ya sani, ta umarci alƙali ya daidaita mutane a zamansa da fuskarsa da hukuncinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya yanke ƙauna. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe alƙalanmu da shi, in sun kauce a ɗaukaka ƙara. In muka zaɓi mu riƙa yi musu tashe, to mun amince ke nan cewa wanda ya fi iya shiga shi zai ci shari'a, kuma a wannan gasa talaka ce za ta faɗi kullum.

Wasu kuma za su ce rabuwar aure abin baƙin ciki ce, bai dace mace ta je kamar mai zuwa biki ba. Na yarda, ban kuma ce ta yi ƙunshi ta fesa turare ta sa sarƙa da awarwaro ba. Kotu wurin natsuwa ce. Amma tsakanin kayan anko da zanen surfe akwai fili mai faɗi, a cikinsa kowace mace mai kamun kai take rayuwarta ta yau da kullum. Can nake cewa a bar ta.

Tashen maza

Kada a ɗauka mata kaɗai ke wannan wasa. Na maza ya fi muni, don shi ba a ma zarginsa. Akwai mai zuwa da babbar riga ta shadda ta sha sitaci, da hula zanna bukar, da carbi mai dubu a hannu, wani lokaci duk na aro, domin a ce dattijo irin wannan ba zai daki mace ba. Kotun waje kuwa nan take ta wanke shi. Akwai kuma kishiyarsa, wanda na fi jin takaici: mai rumbu cike da gero da shanu a hannun makiyayi, amma ranar da za a yanka masa kuɗin ciyar da 'ya'yansa sai ya zo da yagaggiyar riga da silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Ya san ana auna ciyarwa da ƙarfin miji, don haka ya sawo talauci a jiki. Wannan ba matarsa yake cuta ba, bakin 'ya'yansa yake ƙwace wa tuwo. Ba na son a hukunta mai shadda don shaddarsa, ba na son a sassauta wa mai tsumma don tsummansa. A tambayi maƙwabta abin da ya noma da abin da ya sayar.

Alƙur'ani, a aya ta 187 cikin Suratul Baƙara, ya siffanta miji da mata da cewa kowanne tufa ne ga ɗayan. Tufa kuwa aikinta rufe asiri. Mutum biyu da suka yi shekaru suna suturta juna, in zama ya ƙare, mafi ƙarancin abin da ya rage a tsakaninsu shi ne kada ɗayansu ya mayar da suturar jikinsa makamin tozarta ɗayan.

Waɗanda ba su da zaɓi

Akwai wani dalilin da ya sa wannan wasa ya zama abin kunya musamman a ƙasarmu. Mu ne ke bakin dajin Rugu. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Ɗankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 30, suka ƙone gidaje. A watan Afrilun shekarar aka kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Dutsinma da Ɗanmusa. Tun kafin nan da bayan nan mata ke shigowa gari da goyo a baya da zanen da ke jikinsu kaɗai, akwati da lefe da gado duk sun zama toka. Gudun hijira kuwa yana cin aure: miji ya rasa gona, ya bazama neman abinci, ya ɓace, ko zaman cunkoso a gidan dangi ya haifar da saki. Irin waɗannan mata su ma suna zuwa kotu, kuma na lura da abu ɗaya game da su. Ba sa zuwa da dauɗa. Mace za ta wanke zanenta ɗaya tilo da daddare, ta shanya, ta lulluɓa da na maƙwabciya har ya bushe, ta ɗaura shi da safe a miƙe. Wadda talauci ya kama da gaske ɓoye shi take yi iyakar ƙarfinta. In masu akwati suka mayar da tsumma kayan zuwa kotu, sun sace wa waɗannan bayin Allah ko da ɗan tausayin da halinsu na gaskiya zai jawo musu, domin an saba ganin na ƙarya.

Zama na biyu

Ranar da aka koma, Yaya ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗauko atamfar da ta saya da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba ta lefe ba, ba ta aro ba. Ta goge shuɗin hijabinta da dutsen guga na gawayi. Ta sa kwallinta kamar kullum. Daren kuwa, maimakon zazzage akwati, mun zauna ni da ita da fitila, tana faɗa ina rubutawa: watan da ya tafi, sau nawa ya aiko da nawa, ranar dukan, su wa suka shigo. Baba ya je da kansa ya roƙi maƙwabtanta 2 na can ƙauyen, dattawan da suka san komai, muka biya musu kuɗin mota. Da muka iso, na ji wata a inuwar darbejiya ta ce, "Lallai, yau an sha ado, akwai magana." Yaya ta gaishe ta ta wuce.

A ciki ta yi bayani da muryar da na sani. Shaidu suka faɗi abin da suka gani. Aka ba mijin dama ya kawo suka a kansu, ya rasa. Aka raba auren saboda cutarwa, ba ta mayar da ko kwabo ba, yaran kuma suna hannunta. Ba atamfar ce ta ci shari'ar ba, dattawan nan biyu ne da gaskiyar da ke bakinsu. Abin da atamfar ta yi kawai shi ne ta bar Yaya ta tsaya a matsayin kanta, ba ta jan bakin hijabi, ba ta tunanin wa ke kallo.

Saboda haka kirana ga iyayenmu mata da gwaggonninmu, masu raka 'ya'ya kotu da zuciya ɗaya: ku bar akwati a ƙarƙashin gado. Ku tambayi yarinya wa ya gani, wa ya ji, wa zai yarda ya zo. Ga malaman Islamiyyun matan aure a Batsari da Safana: babin ciyarwa da cutarwa da khul'i da riƙon yara yana cikin Risalar da kuke karantarwa, kada a tsallake shi don gudun a ce ana koya wa mata fitina. Ga mu maza 'yan rakiya da masu zaman inuwa: in ba za mu shiga mu ba da shaida ba, mu kama bakinmu.

Gwaggo har yau tana nan a kan bakanta, takan ce sa'a ce kawai muka taka. Ban ƙara yi mata musu ba, ita ce babba. Amma watan jiya, da 'yar maƙwabciyarta za ta kai tata ƙarar, Gwaggo ta aiko a kira ni, ta ce in zo da takarda da alƙalami. Zanen surfen kuwa yana nan a gidanmu, ana surfe da shi.